Kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta waya a lokacin annoba: jagora ga ma'aikaci

Annoba idan ta ɓarke, sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa yana cikin wuraren da ake fara taɓawa. A kwashe ma'aikatansa a tura su ɗakin masu cutar, a mayar da gadajensa wurin killacewa, a hana zirga-zirga, shi kuma majinyaci ko an ce ya zo sai tsoro ya hana shi fita. Abin da ya faru ke nan a zamanin korona. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, kuma a watan Oktoba na shekarar ta fitar da binciken da ta yi a ƙasashe 130, inda kashi 93 cikin 100 suka ce aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ya samu cikas a wurinsu, ko ma ya tsaya cak. A daidai lokacin ne kuma masu buƙatarsa suka ƙaru: hukumar ta ƙiyasta cewa ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100 a shekarar farko kaɗai.

Kashi 70 cikin 100 na waɗannan ƙasashe sun koma duba mutane daga nesa, ta waya ko ta bidiyo. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1959 ake gwada ta a Jami'ar Nebaraska da ke Amurka, da talabijin mai haɗa ɓangare biyu. Sabon abin shi ne yadda ɗimbin ma'aikata suka wayi gari suna yin ta ba tare da an koya musu ba, da yawa kuma suka ɗauka aikin da suka saba ne aka canza wa ɗaki kawai. Ba haka ba ne. A ɗakin duba majinyaci, idan mutum ya rikice ko ya ce ya gaji da rayuwa, kana iya zaunar da shi, ka kira abokin aiki, ka sa a kawo magani. A waya muryarka ce kaɗai take isa wurinsa, hannunka ba ya zuwa. Don haka rabin aikin shi ne ka tanadi hannun da zai yi maka aiki a can tun kafin buƙatarsa ta taso.

Mataki na farko: ka tantance wanda waya za ta ishe shi

Kada ka zauna jiran majinyata su kira. Wanda ciwon damuwa ya kayar ba zai kira ba. Wanda ciwonsa ya sa yake zargin kowa ba zai kira ba. Masu kira da kansu galibi su ne waɗanda abin nasu da sauƙi. Ɗauko rajista, ku zauna da abokan aiki, ku raba sunayen gida uku.

Gida na farko na waɗanda dole sai an gan su ido da ido ne, ko da kuwa gari yana kulle. A ciki akwai masu karɓar allurar maganin ciwon ƙwaƙwalwa ta wata-wata ko ta mako biyu-biyu, da masu shan litiyam ko kilozafin, magungunan ciwon ƙwaƙwalwa waɗanda sai an riƙa ɗibar jinin mai shansu ana gwadawa, da wanda ya yi yunƙurin kashe kansa kwanan nan, da wanda aka sallamo daga kwanciya a makonnin nan, da mai jegon da hankalinta ya fara juyewa. Ka sa da mai shan barasa kullum, domin idan kulle ya yanke masa ita farat ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya shiga rawar jiki da gane-gane da jijjiga, abin da kan kai ga rasa rai. Waɗannan waya ƙari ce a gare su, ba madadi ba. Ko ƙofa ɗaya ce a bar musu a buɗe, da takunkumin fuska da tazara, a raba musu lokaci don kada su taru.

Gida na biyu su ne masu buƙatar a ji su duk mako ko duk mako biyu: waɗanda suka fara sabon magani, da waɗanda ake tsakiyar zaman ba da shawara da su, da mai zaman kaɗaici. Na uku kuwa waɗanda suka daɗe lafiya lau a kan maganinsu. Kira ɗaya a wata, da lambar da za su same ku, da tabbacin cewa magani ba zai yanke ba, ya wadatar. Mutum yana iya tashi daga wannan gida ya koma wancan cikin mako guda, saboda haka a riƙa waiwayar jerin.

Za ku tarar da yawa daga lambobin da ke cikin fayil sun mutu, ko na ɗan'uwa ne, ko na maƙwabci. Gara ku gano haka yau da ku gano shi ranar da ake neman mutum ruwa a jallo.

Mataki na biyu: zaɓen hanya

Kowa yana ɗaukar bidiyo a matsayin mafi kyau, kuma yana da amfaninsa: ka ga fuska, ka ga ko mutum ya rame, ka ce ya miƙa hannu ka ga ko yana rawa. Amma bidiyo yana cin data, yana son sabis mai ƙarfi, kuma yana shigar da kai cikin ɗakin da mai shi wataƙila ba ya son ka gani. A binciken nan na ƙasashe 130, fiye da kashi 80 na ƙasashe masu arziki sun koma duba mutane daga nesa, amma a matalautan ƙasashe ba su kai rabi ba. Ni a ganina, duk tsarin da aka gina a kan cewa sai da babbar waya, ya riga ya ware waɗanda suka fi buƙatarsa. Kiran murya na yau da kullum yana shiga kowace irin waya, kuma akwai mutanen da suka fi sakin jiki idan ba a kallonsu. A bar majinyaci ya zaɓa, sai dai idan akwai abin da lallai sai ka gani.

Saƙon rubutu kuwa na tuni ne da gyaran lokaci, ba na jinya ba. Kada ka rubuta sunan ciwo ko na magani a ciki, domin saƙo kan fito a fuskar waya kowa ya karanta. "Gobe da ƙarfe goma zan kira kamar yadda muka yi" ya isa. WhatsApp yana kulle saƙonni daga mai aikawa zuwa mai karɓa tun 2016, amma wannan kulle ba ya hana wanda ya ɗauki wayar a gida ya buɗe ya karanta.

Ka bincika abin da dokar ƙasarka da hukumar da ta ba ka lasisi suka ce. A Amurka, alal misali, a watan Maris 2020 hukuma ta sassauta ta bari a yi amfani da FaceTime da Skype da Zoom, amma ta hana irin su Facebook Live da TikTok waɗanda jama'a ke iya leƙowa. Ko babu doka a rubuce, wannan iyaka ce mai ma'ana. Sannan ka ware layin aiki daban da naka na gida, kuma kai ne za ka riƙa kira, don kada kuɗin kira ya hana mutum magana.

Mataki na uku: kiran farko na yarjejeniya ne

Kada ka fara da tambayar ciwo. Ka faɗi sunanka da inda kake aiki, ka tabbatar da mai wayar kake magana kafin ka ambaci dalilin kiran. Idan wani ne ya ɗauka, ka ce kana neman wane, ka bar suna, ka tsaya nan.

Idan ka same shi, sai ku yi magana a kan yadda abin zai kasance: yaushe za ka riƙa kira, minti nawa, ba za ka naɗi muryarsa ba, abin da ya faɗa sirri ne in ban da inda ransa ko na wani yake cikin haɗari. Ka nemi amincewarsa da baki, ka rubuta a fayil da kwanan wata. Ka gaya masa yana da damar ƙi.

Abubuwa uku ne ba za ka ajiye waya ba sai ka rubuta su. Na ɗaya, cikakken kwatancen inda yake zaune yanzu, irin kwatancen da baƙo zai bi ya kai ƙofar gida; mutane da yawa kan koma gidan iyaye ko na 'yan'uwa a lokacin kulle, adireshin fayil ya tashi aiki. Na biyu, suna da lambar mutum ɗaya wanda ya yarda da shi, wanda zai iya isa wurinsa cikin 'yan mintuna. Shi majinyacin ne zai zaɓa, ba kai ba, kuma ka nemi izininsa ka kira mutumin nan ku gaisa tun yanzu, don ya san muryarka. Na uku, asibiti mafi kusa da shi wanda yake karɓar gaggawa a wannan lokacin, da lambar motar ɗaukar marasa lafiya ta yankinsa, ba ta naka yankin ba. A lokacin annoba wasu asibitoci kan koma na masu cutar zalla, sai ka bincika.

Ku kuma shirya abin da za a yi idan layi ya yanke: kai ne za ka sake kira nan take, sau biyu ko uku, idan bai shiga ba ka tura saƙo, idan kuma ana tsakiyar magana mai nauyi ne za ka kira mutumin da ya ba ka.

Mataki na huɗu: yadda ake buɗe kowane zama

Bayan gaisuwa, tambayoyi uku ne, kuma kowane zama sai an yi su, ko da ya zama kamar karatu: Ina kike yanzu? Wa ke kusa da ke? Za ki iya magana a sake?

Tambaya ta uku ta fi sauran nauyi. Kulle yana tara mutum da wanda yake cutar da shi a ɗaki ɗaya dare da rana. Rahotannin duka da cin zarafi a cikin gida sun ƙaru a ƙasashe da dama a 2020, har Sakatare-Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya yi kira a watan Afrilu ga gwamnatoci su ɗauki mataki. Idan ka ji amsoshin sun gajarce, muryar ta yi ƙasa, ko ta canza farat ɗaya ta koma fara'ar da ba ta dace da maganar ba, ka ɗauka akwai mai sauraro. Ka koma tambayar da amsarta i ko a'a ce:

"Malama, ki amsa min da i ko a'a kawai. Akwai wani kusa da ke?"
"I."
"Wayar tana kan lasifika?"
"A'a."
"Kina jin tsoron wanda yake wurin?"

Idan ta ce i, kada ka tsawaita. Ka tambayi ko tana cikin haɗari a yanzu, ka tambayi ko gobe da safe zai fi, ka ba ta damar ta ce "kun yi kuskuren lamba" ta kashe. Ku ajiye wata kalma tsakaninku wadda idan ta faɗe ta ka san ka canza zance, da wata wadda ke nufin a turo taimako. A bidiyo akwai alamar hannu da wata gidauniyar mata ta Kanada ta fito da ita a watan Afrilu 2020: a nuna tafin hannu ga kyamara, a lanƙwasa babban yatsa ciki, a rufe shi da sauran yatsu. Ya kamata ma'aikaci ya san ta idan ya gani.

Kai ma ka gyara naka wurin: ɗaki mai ƙofa, abin sauraro a kunne, waya ta biyu a ajiye kusa, fayil a buɗe. Ka gaya wa majinyaci kai kaɗai ne a ɗakin.

Mataki na biyar: dubawa ba tare da ido ba

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ga shi fuskar babu. Dole kunne ya yi aikin ido. Ka saurari saurin magana: tana ja kamar ana ciro ta da ƙyar, ko tana gudu ba ta barin ka sa baki? Yana daɗewa kafin ya amsa? Zancen yana bin hanya ko yana tsalle-tsalle? Harshe yana nauyi kamar na wanda ya sha wani abu? Abin da da ido za ka gani, yanzu sai ka tambaya kai tsaye: yaushe rabonka da wanka, me ka ci tun safe, ƙarfe nawa ka yi barci, kayanka sun yi maka yawa? Idan ya yarda, minti biyu da wani na gidan kan ba ka abin da rabin awa da shi ba zai ba ka ba.

Shiru a waya yana da nauyi, ma'aikaci kan yi gaggawar cike shi. Ka daure. Amma ka riƙa nuna kana nan, tun da ba ya ganin kana gyaɗa kai: "Ina jin ka." "Ina rubutu ne, ban tafi ba." Idan ka ji kamar kuka, ka faɗa: "Na ji muryarka ta canza, me ya zo maka a rai?"

Akwai ma'aunai biyu masu jerin tambayoyi, PHQ-9 na ciwon damuwa da GAD-7 na fargaba, kuma ana iya karanta su a waya. Dukansu suna tambaya a kan makonni biyun da suka wuce, kowace tambaya maki 0 zuwa 3. Na farko yana tsayawa a 27, na biyu a 21, kuma daga 10 zuwa sama alama ce ta a zurfafa bincike. Ma'auni ba ya yanke hukuncin ciwo. Amfaninsa shi ne ka kwatanta wannan watan da wancan. Tambaya ta tara a PHQ-9 a kan tunanin mutuwa ce, kuma duk amsar da ba sifili ba sai an bi ta, ko da jimillar ta yi ƙasa.

Abu biyu ne annoba take cakuɗawa da ciwon ƙwaƙwalwa, kuma kuskure a cikinsu yana da tsada. Ɗaya sarƙewar numfashi. Mai fargaba yana jin numfashinsa ya tsaya, ƙirji ya ɗaure, zuciya tana bugawa. Mai cutar huhu ma haka. Ka tambayi zazzaɓi da tari, ka saurara ko yana iya ƙarasa jimla ba tare da ya tsaya shan iska ba, ka tambaya ko abin yana ƙaruwa idan ya yi tafiya a ɗaki. Firgicin fargaba yakan kai ƙololuwa cikin mintuna ya lafa. Na huhu ba ya lafawa da lallashi. Idan akwai ɗan abin auna iskar jini na yatsa kuma ya nuna 92 ko ƙasa, maganar asibiti ce. Ɗayan kuma ruɗewa ta farat ɗaya, musamman ga tsofaffi. Dattijon da jiya yake lafiya, yau bai san inda yake ba, yana gane-gane, hankalin yana zuwa yana tafiya, wannan alamar ciwon jiki ce har sai an tabbatar da akasin haka. Kada a ƙara masa maganin barci ta waya. A kai shi a duba.

Mataki na shida: abin da za ka yi da lokacin

Zaman waya ya fi gajiyarwa, don haka minti talatin masu tsari sun fi awa guda ta yawo. Ku zaɓi abu ɗaya ko biyu tun farko.

Ga wanda tashin hankalin annobar ne ya dame shi, ba tsohon ciwo ba, taimakon farko na kwantar da hankali ya isa a mafi yawan lokuta. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da abokan aikinta a 2011, wanda aka sake daidaita shi lokacin Ebola a 2014, ya tsaya a kan abu uku: duba, saurara, haɗa. Na ukun shi ake yawan mantawa. Mutumin da ya rasa aikinsa kuma abinci ya ƙare a gida, ba darasin numfashi yake fara buƙata ba. Ka san inda ake ba da tallafi ka haɗa shi da wurin.

Ga wanda abin ya zauna masa, akwai tsarin PM+ na hukumar, wanda aka fitar a 2016, zama biyar mako-mako, kuma an tsara shi ne don wanda ba ƙwararren likita ba ya iya bayarwa bayan horo. Dabarunsa suna tafiya a waya. Numfashi a hankali: ya ɗora hannu a ciki, ya ja iska kana ƙirga masa uku, ya sake kana ƙirga uku, ku yi tare na minti biyu, yana jin naka numfashin. Warware matsala: ya lissafo damuwoyinsa, ku ware waɗanda yake da iko a kansu, ku ɗauki ƙarama ɗaya ku tsara wa zai yi me, yaushe. Motsawa: ciwon damuwa yana kwantar da mutum, kwanciya kuma tana ƙara ciwon, kulle ya zo ya ba kwanciyar hujja. Sai ku nemi ƙaramin aiki da zai yiwu a cikin gida, a sa masa lokaci takamaimai. "Zan ƙoƙarta" ba shiri ba ne. "Gobe bayan na tashi zan share ɗaki in zauna a hasken rana minti goma" shi ne shiri. Sai kuma zumunci: mutum ɗaya da zai kira kafin zama na gaba.

Ka tambayi yadda yake bin labarai. Wanda yake ƙirga gawarwaki a waya har tsakar dare ba zai yi barci ba. Ku yi yarjejeniya a kan sau ɗaya ko biyu a rana, daga tushe ɗaya amintacce. Wanda kuma ya yi rashi bai samu ganin mamacin ba, bai halarci binnewa ba, kada ka yi saurin kiran baƙin cikinsa ciwo. Ka bar shi ya ba da labarin mamacin, ka tambaye shi me zai iya yi daga inda yake, bisa imaninsa, wanda zai zame masa bankwana.

Kafin ka ajiye, shi ne zai maimaita maka abin da kuka shirya, ba kai ba.

Mataki na bakwai: idan maganar kashe kai ta taso

Fiye da mutum 700,000 ne suke kashe kansu duk shekara a duniya. Tambayar mutum ko yana wannan tunani ba ta sa masa shi a rai. Sau da yawa ma sauƙi yake ji an buɗe masa ƙofa. Ka tambaya a fili, da murya a kwance: "Malam, mutane da yawa idan abu ya yi musu nauyi haka, tunanin mutuwa yana zuwa musu. Kai ma yana zuwa maka? Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Idan ya ce i, kada ka yi wa'azi, kada ka nuna razana. Ka ci gaba: ya tsara yadda zai yi? Abin yana kusa da shi? Ya sa rana? Ya taɓa gwadawa? Ya sha wani abu yau?

Idan tunani ne ba tare da shiri ba, ku rubuta tsarin kariya tare, shi da takardarsa kai da taka. Tsarin da Barbara Stanley da Gregory Brown suka wallafa a 2012 yana bin matakai shida: alamomin da ke nuna masa guguwar ta taso, abin da zai iya yi shi kaɗai ya ɗauke hankalinsa, mutane ko wurin da ke sa ya manta na ɗan lokaci, waɗanda zai gaya wa gaskiya ya nemi taimako, lambobin ma'aikata da na gaggawa, sannan nisanta abin da zai cutar da kansa da shi. Na ƙarshen nan yana cikin waɗanda suka fi ceton rai, domin yunƙurin sau da yawa na ɗan lokaci ne. Idan abin ba ya kusa, kafin ya kai gare shi guguwar kan lafa. Maganin ƙwari kaɗai yana da alhakin kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya. Kada ka tsaya a "ka kawar da shi". Ka ce a ba ka mutumin gidan, ka ji da kunnenka an kwashe ƙwayoyi da guba da makami an kulle, a riƙa ba shi magani na rana ɗaya-ɗaya. Ka sake kira gobe, ba mako mai zuwa ba.

Idan kuwa akwai shiri, abin yana hannunsa, ko ya riga ya sha, to kada ka kashe wayar. A nan ne waya ta biyu da takardar kiran farko suke aiki. Ka ci gaba da magana da shi, da ɗaya hannun ka kira mutumin da ya ba ka da motar gaggawa, ko ka sa abokin aiki ya kira. Ka gaya masa abin da kake yi: "Ina kiran ɗan'uwanka yanzu, don ba na son in rasa ka." Zai iya yin fushi, fushin ba komai ba ne. Ka roƙe shi ya ajiye abin a wani ɗaki, ya buɗe ƙofa. Idan ya sha wani abu, ka tambayi mene ne, nawa, yaushe. Kada a sa shi amai, a tafi da kwalbar ko fakitin asibiti. Ba za ka ajiye ba sai ka ji muryar wanda ya iso.

Mataki na takwas: magani

Yankewar magani ita ce babbar hanyar da tsohon ciwo yake dawowa a lokacin kulle. Kowane kira ka ce ya ɗauko fakitin ya karanta maka suna, ya ƙirga abin da ya rage. Ga wanda ya daidaita, a ba da na wata biyu ko uku. Ga mai tunanin kashe kai kuwa akasin haka, kaɗan-kaɗan, a hannun wani. Hukumomi kan sassauta a irin wannan lokaci: a watan Maris 2020 Amurka ta yarda a ba masu karɓar metadon (maganin da ake ba masu ƙoƙarin barin heroin da makamantanta) da suka daidaita na kwana 28 su tafi da shi gida.

Mai shan litiyam idan zazzaɓi ko gudawa ko amai ya ƙone masa ruwan jiki, maganin yana taruwa a jini ya zama guba. Rawar hannu mai tsanani, tangaɗi da nauyin harshe alamu ne na ya dakata da sha a kai shi asibiti. Mai shan kilozafin idan ya yi zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, a ɗebi jininsa a ranar, domin maganin yana iya karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, kuma alamar ta yi kama da ta annobar. Diyazafam da danginsa, wato magungunan kwantar da hankali da sa barci, ba abin rubutawa a waya don "ya samu barci" ba ne: suna kama jiki, suna kuma danne numfashi. Maganin damuwa da na farfaɗiya ba a yanke su farat ɗaya. Idan kuma za a ba majinyacinka maganin cutar annobar, a duba karo: Paxlovid, misali, ba ya haɗuwa da kabamazafin, wani maganin farfaɗiya.

Sauran abubuwa

Da yaro, ka fara da iyaye, ka gajarta, sannan matashi ya samu 'yan mintuna shi kaɗai. Da mai nauyin ji, bidiyo ko rubutu ya fi. Zaman rukuni ta bidiyo yana yiwuwa, amma ba ka da iko a kan wanda yake bayan kyamarar kowa, kuma ka faɗa musu haka. A fayil ka rubuta hanyar da aka yi zaman, inda majinyaci yake, wanda yake tare da shi, da abin da ba ka samu dubawa ba.

Wanda bai ɗauki waya ba, kada a rubuta "bai zo ba" a wuce. Wataƙila caji ne, wataƙila kuma ba caji ba ne. Ku tsayar da ƙa'ida tun farko: kira nawa, a rana nawa, sannan a kira mutuminsa, sannan a tura wani ƙofar gida. Ga 'yan gida na farko, wannan duka a rana ɗaya ne.

Kai kanka kana cikin annobar, kana da naka tsoron da naka rashin. Ka sa tazarar minti goma tsakanin kira da kira, ka kashe layin aiki idan lokaci ya yi, tare da saƙon da ke faɗin inda za a kira da dare. Ku riƙa haɗuwa da abokan aiki duk mako ko ta waya ce, ku tattauna majinyatan da suka tsaya muku a rai, kuma bayan kira irin na mataki na bakwai kada ka shiga na gaba sai ka yi magana da wani.

Idan aka sassauta kulle, ku fara gayyato waɗanda ba ku taɓa gani ido da ido ba, da waɗanda gwajin jininsu ya wuce lokaci, da waɗanda kullum amsarsu a waya "lafiya lau" ce a gajarce. A auna nauyi da hawan jini, a duba rawar hannu da sandarewar jiki da motsin baki da wasu magunguna ke kawowa. Wanda ya ce waya ta fi masa sauƙi kuma ciwonsa ya yarda, a bar shi a kanta, a riƙa ganinsa jefi-jefi, a kuma sabunta adireshinsa da lambar mutuminsa a duk zuwan da ya yi.